Ranar da Aka Rufe wa Linacre Ƙofa

Tun daga ranar da aka binne tsohon Shugaban Kwalejin Aldwin, zama ya gagari Aubrey Linacre. Ya zauna a ofis ya tashi, ya leƙa taga, ya sauko ya kewaya farfajiya, ya koma ya tarar shayinsa ya huce, ya sa a kawo wani, shi ma ya huce. Ɗalibai suna hango shi yana ratsa ciyawar tsakar kwaleji, wadda malamai kaɗai aka yarje wa takawa, baƙar alkyabbarsa tana kaɗawa a bayansa, sai su ce tsohon yana lissafin ƙuri'unsa ne. Kowa ya ɗauka kujerar mamacin ce ta hana shi sukuni. Ita ce kuwa, sai dai ba ta inda suke zato ba. Tsoronsa shi ne kada a ba shi ita.

Yana saurayi, kafin yaƙi, Linacre ya fitar da wani siririn littafin waƙoƙi, jaridun London suka yabe shi, har aka fara cewa ga wanda za a ji sunansa nan gaba. Ana cikin haka rufin ɗakin karatu ya fara yoyo, aka roƙe shi ya riƙe kwamitin gyara na zango ɗaya kawai. Daga rufi aka miƙa masa aikin ma'aji, daga nan mataimakin Shugaba, daga nan jami'a kanta ta gano shi ta riƙa jansa zuwa tarurrukanta. Abin da ya cuce shi shi ne ya iya aikin. Malamai biyu da suka shekara goma ba sa gaisawa, Linacre zai zaunar da su ya ba su shayi, su fito sun yarda da abu guda, kowa yana ganin shi ya ci. Yanzu ya haura sittin, gashi ya yi fari, doguwar waƙar da ya fara a kan kogin ƙauyensu Ravensgill tana nan inda ya bar ta, kogin bai ko fito daga cikin duwatsu ba.

Matarsa Hester 'yar arewacin ƙasar ce, 'yar manomin tumaki, kuma zaman da ta yi a cikin malamai bai koya mata kewaye-kewaye ba. Gwaggonta ta rasu ta bar mata gidan dutse a Ravensgill, taga tana kallon kogin. Linacre ya yi mata alkawari da bakinsa cewa da kakar bana za su tattara su koma can, shi ya ƙarasa waƙarsa, ita ta huta da dafa wa matan malamai shayi.

"Ka gaya musu?" ta tambaye shi da safe, tana shafa wa burodi man shanu.

"Na nuna musu alama."

"Alama." Ta ajiye wuƙar. "Aubrey, rabin rayuwarka kana nuna wa mutanen nan alama, su kuma suna ɗora maka kaya. Ka buɗe baki ka ce ba ka so."

"Ba a yin haka kai tsaye, Hester. Akwai yadda ake bi."

"To bi. Ni dai na gaya wa mai kawo madara ya daina daga ranar Alhamis. Ranar zan kama hanya, da kai ko ba kai."

Bai gama karyawa ba ya ɗauki alkyabba ya fita. Ya nufi ofis, ya fasa, ya bi ta bakin kogi, ya dawo, daga ƙarshe ya hau matakalar da ke kaiwa ɗakin Cuthbert Ormerod. Ormerod shi ne mafi tsufa a cikin malaman kwalejin, masanin Girkanci, ya haura tamanin, kuma shi ke jagorantar zaɓe idan kujera ta faɗi. Ƙirjinsa ya daɗe da lalacewa, tarinsa ana jin sa tun daga ƙasan bene.

"Linacre, shigo. Ture littattafan nan ka zauna. A'a, ba waɗannan ba, kyanwa ke kwana a kansu."

Linacre bai zauna ba. Ya tsaya a bakin murhu yana juya hularsa. "Ormerod, na zo in gaya maka ba na son shugabancin nan."

"Madalla."

"Da gaske nake."

"Haka ma ya fi. Marigayi da ya zo mini da wannan magana bai iya ta kamarka ba, murmushi ya kuɓuce masa tun bai kai ƙarshe ba."

"Ina so in bar aiki gaba ɗaya. In koma arewa in yi rubutu."

"Waƙar kogin?" Tsohon ya yi dariya har ta koma tari. "Tun ina da haƙora nake jin labarin kogin nan. Bar shi ya yi ta gudu, ba inda za shi. Za ka sha ɗan wani abu?"

Sai a yi wa Ormerod adalci, ba kurma ba ne kuma ba mugu ba. A wannan kwaleji mutum ya fito fili ya ce yana son muƙami, daidai yake da ya shigo ɗakin cin abinci ba wando. Wanda yake so dole ya ce ba ya so, ya yi ta faɗa, ya ɓata fuska idan an ambaci sunansa. An yi ɗaruruwan shekaru ana haka, har ya zama ba a bar wa mai ƙi na gaskiya kalmar da zai yi amfani da ita ba, masu so sun cinye su duka.

Akwai kuwa mai so, bai kuma ɓoye ba. Basil Quennell, malamin kimiyyar sinadarai, ya riƙa bin ɗakunan malamai ɗaya bayan ɗaya da zanen sabon ɗakin gwaje-gwaje a hammata, yana faɗin abin da zai yi idan an zaɓe shi. Linacre ya ga mafita a nan, ya shiga yi masa yaƙin neman zaɓe. A teburin malamai, ana cin gasasshen naman rago da dankali, ya yabi ƙwazon Quennell, ya ce kwaleji tana bukatar sabon jini, ya ce shi kam ya gaji. Malamai suka dubi juna ta saman kofunansu. Kafin a kawo tuffa da cuku magana ta zaga cewa ba a taɓa ganin dattako irin na Linacre ba, mutum yana yabon abokin takararsa a bainar jama'a.

Quennell ya tare shi a bakin matakala, fuskarsa ja wur. "Na gode da yabo, Linacre. Kowace kalma da ka faɗa ta rage mini ƙuri'a guda. Ban san ka iya wasan har haka ba."

"Ba wasa nake ba, Quennell. So nake ka ci."

"Ka ji ko. Har ni ma za ka yi wa."

Ranar Laraba aka shiga ƙaramin cocin kwaleji aka kulle ƙofa, kamar yadda aka saba. Kowane malami ya rubuta suna ya jefa a cikin kofin azurfa. Linacre ya rubuta sunan Quennell da manyan baƙaƙe, yana zaune yana kaɗa ƙafa har na kusa da shi ya dube shi. Ormerod ya zazzage kofin, ya ƙirga, ya tashi da ƙyar ya kira sunan Aubrey Linacre.

Al'ada ta tanadi abin da zaɓaɓɓe zai ce a wannan wuri, da tsohon harshen Latin: ban cancanta ba, ba na kuma so. Babban malami ya amsa masa da cewa an ji. Linacre ya miƙe, bakinsa ya furta Latin ɗin da kansa kafin ya ankara. Sai ya dafa bencin gabansa ya sake magana da Turancin kowa da kowa.

"Ku saurare ni, don Allah. Ba al'ada nake cikawa ba. Ba na so. Na ba kwalejin nan abin da nake da shi, ɗan abin da ya rage ina so in kai shi wani wuri. Ku zaɓi wani."

Muryarsa ta yi rawa a ƙarshe. Wani malamin tarihi ya ciro hankici ya share ido. Ormerod ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya ga an yi abu yadda ya kamata.

"An ji," in ji shi.

A bakin ƙofa suka yi ta kama hannunsa. Malamin tarihin ya ce ya karanta labarin zaɓuɓɓukan kwalejin kaf, ba a taɓa yin ƙin da ya kai wannan kyau ba, ya kamata a rubuta shi a ajiye saboda na baya. Linacre ya ji kamar ya kwanta a kan ciyawa ya yi ta birgima. Ya ce musu ya gode.

Ya tarar da Hester a tsakiyar akwatuna, tana naɗe kofuna da tsofaffin jaridu. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Wato ka yi kuka a gabansu, suka tafa maka."

"Ba su tafa ba. A coci ne."

Ta ci gaba da naɗi. Can ta ɗago. "Gobe za su fitar da kai titi su rufe babbar ƙofa, ko ba haka ake yi ba?"

"Haka ne. In ƙwanƙwasa, a buɗe, a shigar da ni a matsayin Shugaba."

"In ba ka ƙwanƙwasa ba fa?"

Linacre ya tsaya da zirga-zirgar da yake yi tsakanin taga da murhu. Dokokin kwalejin a kansa suke, shi ya sake tsara su bayan yaƙi. Wanda bai ƙwanƙwasa ba har agogon hasumiya ya buga tsakar rana, zaɓensa ya faɗi, sai a sake sabo. Ba a taɓa yi ba, amma dokar tana nan.

"To ka gani," in ji Hester. "Ba sai ka ce komai ba, abin da ka fi ƙwarewa a kai ke nan. Ka tsaya kawai da hannuwanka a aljihu. Zan ajiye mota a tsallaken titi, ka tako ka shiga."

"Za su ji kunya ƙwarai."

"Za su warke." Ta dube shi sosai. "Ko kuwa gidan can kake tsoro? Can ba kwamiti, ba mai leƙowa ya ce ana nemanka. Kai ne da kogi da farar takarda, daga safe har yamma."

Maganar ta soke shi, don ya san inda ta dosa. Shekaru da yawa, duk lokacin da ya zauna zai yi rubutu, in aka buga ƙofa aka ce tukunyar ɗumama ɗakuna ta fashe ko wani ɗalibi ya hau rufi, yakan tashi yana gunaguni, amma da sauri yake tashi. Ya hau bene ya sauko da tsohuwar kujerarsa ta katako, wadda a kanta ya rubuta littafinsa na fari, wadda ya sha cewa ba ya iya waƙa sai a kanta. Da hannunsa ya ɗaure ta a kan rufin mota, ƙafafu sama, ya ja igiya har tafinsa ya yi ja.

Alhamis ta waye da gajimare. Da hantsi malamai suka jeru a farfajiya cikin jajayen alkyabbu, mawaƙan coci a gefe. Ormerod ya kama hannun Linacre ya raka shi har bakin babbar ƙofa, Mista Tubb mai tsaron ƙofa ya tura ta ya sa sakata. Linacre ya tsinci kansa a titi shi kaɗai, tsakanin wata mai tura keken jariri da motar mai kai burodi.

Ga motar Hester can a tsallake, kujera a sama, ita a ciki tana riƙe da sitiyari. Ya ji wani sauƙi ya sauko masa tun daga wuya. Ashe abin ba wuya. Ya sa hannuwa a aljihu, ya taka zuwa bakin titi, ya tsaya motar burodi ta wuce.

Sai aka fara yayyafi.

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi agogon hasumiya. Da sauran lokaci mai yawa kafin tsakar rana. A cikin farfajiya ba a sa hula, ba a buɗe lema, ba a komawa inuwa, sai sabon Shugaba ya shigo. Haka aka gada. Ya sauka daga dakalin titi, ya yi taku kaɗan, ya tsaya a tsakiya har wani mai keke ya kauce masa yana tsaki. Hester ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofar mota. Yayyafin ya koma ruwa sosai.

Ta cikin kaurin katakon ƙofar ya jiyo tarin Ormerod. Ya san shi kamar yadda ya san ƙarar agogon. Ya juya.

"Aubrey," in ji Hester ta taga. Ba ta ɗaga murya ba.

"Minti ɗaya. Zan ce musu su shiga ciki kawai."

Ya koma ya kanga ido a 'yar tagar ƙarfen da ke jikin ƙofar. Suna nan a jere yadda ya bar su, ruwa yana bin fuskokinsu, ba wanda ya motsa. Ormerod yana gaba, kansa ba gashi ba hula, ya dogara da sanda da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Har Quennell yana tsaye a layi, ya haɗe rai, ruwa yana ɗiga daga hancinsa.

"Tubb," ya kira a hankali. "Tubb, ka ce musu su shiga. Ba zan shigo ba. Ka kai Dakta Ormerod ɗakinsa."

Tubb yana tsaye dab da ƙofar, hannunsa a kan sakata, idonsa a kan bango. A wannan rana mai tsaron ƙofa ba ya jin muryar kowa daga waje, ko ta sarki ce. Abu ɗaya aka yarda ya ji.

"Tubb, don Allah. Tsohon nan zai kwanta ciwo."

Ko gezau. Linacre ya ja da baya, ya dubi mota, ya dubi agogo, ya sake kanga ido. Ya tafi ƙarshen bango ya dawo. Alkyabbarsa ta jiƙe ta yi nauyi. Da wani mutum ne daga wata ƙasa, da ya shiga mota ya tafi abinsa, ya aiko da ban haƙuri daga baya. Amma Linacre an raine shi a kan cewa ba a barin mutane tsaye suna jira, ba a kuma tafiya ba sallama. A ransa ya ce zai taɓa zoben ƙarfen da ake ƙwanƙwasa ƙofar da shi kaɗan ne, yadda Tubb zai juyo ya saurare shi, ba irin bugun da ake nufi ba. Saboda ƙirjin Ormerod. Akwai gaskiya a cikin wannan, ba za a hana shi ba.

Ya ɗaga zoben ya sake shi.

Ƙarar ba ta kai ta cokali a kan faranti ba. Amma a daidai lokacin da ƙarfe ya taɓa katako, Linacre ya ji zuciyarsa ta kwanta, karo na farko tun ranar jana'iza. Ya ji daɗi, daɗin wanda aka kira daga teburin rubutu aka ce ana nemansa. Ya gane daɗin, kunya ta rufe shi har ya ji zafinta a kunnuwa.

Sakata ta zame. Ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, ƙararrawar coci ta ɗauka, mawaƙa suka ɗaga murya. Ormerod ya tako ya kama hannunsa da yatsu masu sanyi.

"Ka ja mana rai, Shugaba," ya raɗa masa yana haki. "Haka ake so. Marigayi ko numfashi bai bari mun yi ba."

"Ormerod, ni na zo ne in ce..."

"An ji, an ji. Mu shiga kafin ruwan nan ya kashe ni."

Suna jansa ciki ya waiwaya. Hester ta fito daga mota, ba lema, ta hau kan matakin ƙofar motar tana kwance igiyar. Ƙullin da ya yi ya yi tauri, ta sa haƙori. Ta sauke kujerar ita kaɗai, ta tsallako titi da ita, ta ajiye ta a kan dakali tana fuskantar ƙofar kwaleji, ta gyara mata zama yadda ba za ta yi gilo ba. Ba ta dube shi da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ta ɗaga masa hannu kaɗan, irin na maƙwabta, ta koma ta tada mota. Ya bi ta da ido har ta sha kwanar da ke fita hanyar arewa.

Aka yi addu'a, aka rantsar da shi, aka ɗora masa sarƙar azurfa a wuya. Wajen cin abinci aka zaunar da shi a tsakiyar babban tebur, ya zauna kuwa, ƙafarsa ba ta kaɗa ko sau ɗaya ba. Malamin tarihi yana ba shi labarin yadda magudanar ruwan ɓangaren gabas ta toshe, ya ji kansa yana amsawa, har yana faɗin wanda ya kamata a kira.

Ana shirin tashi Tubb ya matso bayansa ya sunkuya.

"Ranka ya daɗe, akwai wata tsohuwar kujera a bakin ƙofa, ruwa yana ta dukanta. Ban san mai ita ba. In sa a kwashe?"

Linacre ya ture farantinsa gefe.

"Tawa ce," ya ce. "A goge ta a kai ofis. Masu zuwa ganina suna yawan rasa wurin zama."